Zaɓen Batun Rubutun Tarihi: Darasi Daga Ƙofar Nassarawa



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca saboda girmamawar da suka yi mini. An nemi in yi magana a kan yadda ɗalibi zai zaɓi batun da zai yi rubutun tarihi a kansa, ko yana ajin ƙarshe na sakandare ne, ko kuwa ya riga ya shigo jami'a. Wani zai ga kamar abin bai kai a tara manyan mutane dominsa ba. Amma duk malamin da ya daɗe yana duba takardun ɗalibai ya san cewa yawancin rubutun da ya lalace, tun daga wajen zaɓen batu ya lalace. Ma'aikatan gwamnati kuwa, ina fata za su ga cewa maganar ta shafe su, domin wanda zai rubuta wa na gaba da shi takardar shawara yana fuskantar irin matsalar da ɗalibin yake fuskanta.

Wata shekara wani ɗalibi ya zo mini da takarda, ya ce ya sami batu. Na duba, sai na ga ya rubuta “Tarihin Kano”. Na tambaye shi shafi nawa aka ce ya rubuta, ya ce goma. Na ce masa to, littafin Tarihin Kano da aka gada ya fara lissafin sarakuna tun daga Bagauda, yau kimanin shekara dubu ke nan, watau kowace shekara ɗari za ta sami shafi guda. Ya yi dariya, ya tafi. Bayan mako guda ya komo da “Tarihin Ƙofar Nassarawa”, yana murna ya taƙaita. Lalle ya taƙaita, amma har yanzu da saura, domin abin da ya kawo sunan wuri ne kawai. Sunan wuri, ko sunan mutum, ko shekara, fili ne wanda ba a shuka kome a ciki ba. Batun rubutun tarihi tambaya ce, kuma irin tambayar da mutum biyu masu hankali, masu hujja, za su iya saɓawa a kanta. Wannan shi ne abin da nake so in tabbatar a yau, kuma da ƙofar nan da ɗalibin ya kawo zan yi misali.

Abin da ake gani daga bakin ƙofa

In mutum ya tsaya a Ƙofar Nassarawa ya juya yamma, birni ne a gabansa, hanya ta miƙe zuwa Gidan Rumfa da Gidan Makama. In ya juya gabas, waje ne: ofisoshin gwamnati, da Gidan Ɗan Hausa, da gidan sarki na Nassarawa inda aka yi wa sarakunan Kano da dama makwanci, cikinsu har da Sarki Ado Bayero wanda ya rasu a 2014, sa'an nan Gidan Gwamnati. A gefensa ga ragowar badala, wadda Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. A samansa kuwa ga gadar da aka gina a zango na biyu na mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015.

Duk abin da na lissafa gaskiya ne, kuma ɗalibi yana iya cika shafi goma da irinsa. Sai dai in ya gama, babu wanda zai ce masa ya yi kuskure, babu kuma wanda zai ce ya ƙaru da shi, domin jerin labari ne wanda kowa zai iya kwafowa. Rubutun da ba a iya musa shi ba, ba a iya kare shi, wanda ba a kare shi ba kuwa bai koya wa mai shi tunani ba.

To, bari mu mai da abin da muka gani ya zama tambaya. Mu fara da sunan ƙofar. In ka zagaya ka tambayi mutane, za ka ji bayani iri biyu. Wasu za su ce daga “nasara” ne, watau cin galaba. Wasu za su ce daga “Nasara” ne, watau Turawa, tun da can ne suka sauka suka kafa barikinsu bayan 1903. Ga saɓani ya samu, kuma ana iya auna shi. Ɗalibi zai tambayi kansa: shin akwai sunan kafin Turawa su zo? Zai tarar cewa garin Nasarawa na kusa da Keffi, wanda Makama Dogo ya kafa, yana ɗauke da sunan tun cikin ƙarni na 19, kuma a nan Kano ana ambaton Nassarawa cikin gandayen sarki. Daga nan sai ya nemi tsofaffin takardu da bakin dattawa ya ga wanne bayani ne ya fi ƙarfi. Ƙaramar tambaya ce, amma wanda ya bi ta har ƙarshe ya koyi sana'ar tarihi fiye da wanda ya jera sarakuna arba'in.

Sharuɗɗa uku

A ganina batu mai kyau yana da sharuɗɗa uku, zan faɗe su a taƙaice kafin in gwada su a kan misali.

Na farko, ya kasance akwai saɓani na gaskiya a cikinsa. Hanyar ganewa ita ce ɗalibi ya rubuta amsarsa a jimla guda, sa'an nan ya rubuta kishiyarta. In kishiyar ta fito abin dariya, babu muhawara. “Rumfa babban sarki ne” ba ta da kishiyar da mai hankali zai tsaya a kai. Amma in ya ce canje-canjen Rumfa, irin su kafa Kasuwar Kurmi da gina sabuwar fada, sun fi dogara ga bunƙasar ciniki fiye da shawarar malamai irin su Shehu Maghili, to wani yana iya tashi ya ce akasin haka ne, kowannensu kuwa da abin riƙonsa.

Na biyu, ya kasance akwai hujja inda hannun ɗalibi zai kai. Tambaya tana iya yin daɗi amma babu takarda, babu gini, babu mai ba da labari. Irin wannan sai ta kai ɗalibi ga ƙage.

Na uku, girman batun ya yi daidai da girman takardar da kuma lokacin da aka bayar. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wanda aka ba mako shida da shafi goma, ya ɗauki shekara guda ko al'amari guda, ya haƙa da zurfi.

Waɗannan sharuɗɗa ba namu ne mu kaɗai ba. A makarantun sakandare na Amurka, malamai kan ƙi karɓar batu irin “Yaƙin Duniya na Biyu”, su ce wa yaro ya tsaya a kan abu guda, misali ko jefa bam a Hiroshima a watan Agusta na 1945 ya zama dole domin a kawo ƙarshen yaƙin, ko kuwa ana iya kauce wa yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Manyan malamansu sun daɗe suna jayayya a kan waɗannan, shi ya sa yaro yake samun hujjojin ɓangare biyu ya auna. Mu ma muna da irinsu birjik, sai dai mun saba lulluɓe su.

Shekarar 1903

Bari in tsaya a kan misali guda in daɗe, domin ya cika sharuɗɗan duka. Bisa al'ada, a cikin hawan Salla akwai ranar da Sarkin Kano kan fita zuwa Nassarawa, ya ziyarci makwancin magabatansa, ya je Gidan Gwamnati, inda a zamanin Turawa Razdan ne yake tarbarsa. Ɗalibi mai lura zai tambaya: yaya aka yi sarkin da ke cikin wannan ganuwa ya koma yana fita gaisuwa waje? Amsar tana cikin watanni uku na farkon 1903.

Ga abin da ba a musu a kansa. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Molan ta shiga Kano ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarki Alu, watau Aliyu Babba, ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa. A kan hanyarsu ta komowa labari ya riske su, jama'a ta rabu. Sarki Alu ya bi wata hanya, daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sa'an nan Lokoja, inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi faɗa, suka gamu da Turawa a Kwatarkwashi, ya yi shahada a can. Wambai Abbas kuwa ya komo Kano da sauran jama'a ya sallama, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki a watan Afrilu, ya yi mulki har 1919. Su ukun nan 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne. Uba ɗaya, musiba ɗaya, hanya uku.

Daga nan tambayoyi suke ɓullowa. Me ya kai Sarki Alu Sakkwato a daidai lokacin da ake jiran farmaki? Masu kallon abin ta idon Turawa sukan nuna kamar ya kauce wa yaƙi ne. Wasu kuwa suna cewa ya je ne ya yi mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya hau a ƙarshen 1902, su kuma yi shawara a kan abin da ya tunkaro daula baki ɗaya. Ɗalibi zai iya ɗaukar wannan kaɗai, ya jera kwanakin tafiyar, ya gwada su da kwanakin tashin runduna daga Zariya, ya ga wace magana ce ta fi dacewa da lissafi.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: sallamawar Wambai Abbas hikima ce ko kuwa miƙa wuya? Mai goyon baya zai ce bindigogin Turawa sun riga sun nuna cewa doki da mashi ba za su yi ba, kuma ta hanyar sallamawa aka tsare sarauta da alƙalanci da rayukan talakawa. Zai ƙara da cewa a Sakkwato ma, bayan an ci garin ranar 15 ga Maris, Waziri Buhari ya zauna da Turawa, har ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilmi yana bayyana hujjarsa ta shari'a. Mai suka kuwa zai ce wannan hanya ce ta ba Turawa damar mulkin ƙasa mai faɗi da ma'aikata 'yan kaɗan, ta mai da sarakuna masu tara musu haraji, kuma zai nuna Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya zaɓi hijira, dubban mutane suka bi shi, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Kun ga kowane ɓangare yana da mutanen kirki da hujjoji. Ɗalibin da ya shiga wannan ba zai fito yadda ya shiga ba.

Tambaya ta uku tana komawa baya shekara goma. Bayan rasuwar Sarki Bello a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Maje Karofi suka ƙi, suka fita Takai ƙarƙashin Yusufu, aka yi Basasa har 1895. Shin wannan yaƙi ne ya raunana Kano har ta kasa haɗa kai a 1903, ko kuwa ko da ba a yi shi ba sakamakon ɗaya ne saboda bambancin makamai? Adamu Fika ya wallafa littafi a 1978 a kan Basasa da mulkin Turawa, ɗalibi yana iya farawa daga can, ya yarda da shi ko ya saɓa masa da hujja.

Wasu ƙofofin shiga

Ba lalle ne kowa ya rubuta a kan sarakuna da yaƙi ba. A nan Nassarawa ne Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a 1909. Tambaya: jinkirin yaɗuwar boko a Arewa, manufar Turawa ce ta kawo shi, waɗanda suka fi son ilmantar da 'ya'yan sarakuna da 'yan malaman ofis, ko kuwa ƙin da iyaye suka yi ne saboda tsoron addininsu? Duk ma'aikacin ilmi da ke zaune a nan ya san cewa amsar tana da alaƙa da aikinsa na yau.

Ga kuma gyada. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Abin da Turawa suka sa rai shi ne auduga domin masaƙun Ingila, sai manoma da fatake suka juya ga gyada, har aka kai ga dalar gyada da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Wa ya kawo wannan arziki, jirgin ƙasa ko kuwa dabarar 'yan kasuwar da suka riga suka goge a fataucin goro? Ga batun bauta: dokar Lugga ta 'yantar da yaran da aka haifa daga Afrilu 1901, amma ba a soke bautar baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. Me ya sa aka ɗauki shekara 35? Ga kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, da murabus ɗin Sarki Sanusi a 1963. Ga badalar kanta, wadda aka sa cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007, alhali kuwa ana ta cin ta da gine-gine. Wa ke da alhakin zaizayewarta, hukuma ko yawan jama'a da ƙarancin fili?

Har littafin Tarihin Kano kansa batu ne. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, kuma masana sun yi jayayya a kan ko an tara shi ne sannu a hankali cikin ƙarnoni, ko kuwa an rubuta shi gaba ɗaya a ƙarshen ƙarni na 19, a zamanin Sarki Bello. Haka Abdullahi Smith ya tuhumi labarin Bayajida a 1970 a matsayin bayanin asalin daulolin Hausa, Yusufu Bala Usman kuma, a nazarinsa na Katsina, ya ƙi yarda a fassara jihadi da cewa faɗan Fulani da Haɓe ne kawai. Waɗannan malamai sun yi suna ne domin sun tambayi abin da kowa ya ɗauka an gama.

Inda hujja take, da ladabin amfani da ita

Ɗalibin Kano ba shi da uzurin rashin madogara. Akwai Gidan Makama, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, akwai Gidan Mambayya ga mai nazarin siyasar Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin Razdan da na En'e suke, da kuma Gidan Arewa. Akwai rubuce-rubucen Larabci da na ajami a hannun gidajen malamai, akwai littafin Alhaji Abubakar Dokaji, Kano ta Dabo Cigari, akwai labaran matafiya irin su Barth da ya zo a 1851. Intanet ma ta sauƙaƙa samun wasu, sai dai ba ta ɗauke wa kowa wajibcin tantancewa ba.

Kowace hujja a tambaye ta abu uku: wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake nema? Rahoton Lugga an rubuta shi ne domin a gamsar da hukuma a Landan cewa yaƙin ya dace. Labarin fada yakan kare gidan da ke kan gado. Labarin zuriyar wanda aka kayar yakan ɗauke da ciwo. Ba a jefar da ko ɗaya, ana gwama su ne, inda suka haɗu a riƙe, inda suka rabu a nemi dalilin rabuwar.

Sai gargaɗi biyu. Na ɗaya, jikokin mutanen da muke magana a kansu suna raye, wasu ma watakila suna cikin wannan zaure. Wannan ba dalili ne na yin shiru ba, dalili ne na yin adalci. A auna mutum da abin da ya sani a ranar da ya yanke shawara, kada a auna shi da abin da muka sani bayan shekara 120. Kirari aikin maroƙi ne, zagi kuma ba ya bukatar karatu, mai tarihi yana tsakani da ma'auni a hannu. Na biyu, al'amarin da ake cikin zafinsa, wanda takardunsa ba su fito ba ko yana gaban alƙali, a bar shi ya huce. Ɗalibin da ya ɗauke shi zai rubuta ra'ayin gidansu ne, ya sa masa sunan bincike.

Ga 'yan'uwana ma'aikata kuwa, takardar da aka rubuta mata kai “Matsalar Badala” za ta kwana a cikin fayil. Wadda ta ce ga hanya biyu, ga abin da kowace za ta ci, ga wadda nake ba da shawara da dalilina, ita ce ake yanke hukunci a kanta. Horon da ɗalibi yake samu wajen zaɓen batu, shi ne zai yi aiki da shi in ya zauna a kujerarku.

Ɗalibin nan da na ba ku labarinsa, a zuwansa na uku ya kawo tambaya a kan dalilin tafiyar Sarki Alu Sakkwato. Ban yarda da amsar da ya kai gare ta ba, mun yi gardama har aka kira sallar La'asar, na kuwa ba shi maki mafi yawa a ajin, domin ya kawo hujjar abokin hamayyarsa da kyau kafin ya rushe ta. Ina roƙon kowane ɗalibi a nan, in ya bi ta Ƙofar Nassarawa a kan hanyarsa ta gida, ya tsaya kaɗan ya duba gabas da yamma, ya tafi da tambaya guda wadda bai san amsarta ba tukuna.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure kuwa ina jiran gyara daga malamaina.